Darasi: Karanta Takardar Gwajin Jini a Ciwon da Ya Ƙi Tafiya

Mutumin da ya shafe wata biyu ko uku yana fama da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da kasala, har riga ta fara yi masa yawa, a ƙarshe yakan tsinci kansa a ɗakin gwajin jini. A ɗaure masa dantse, a ɗebi jini, a ce ya dawo gobe. Idan ya dawo sai a miƙa masa takarda cike da haruffan boko da lambobi: ESR, CRP, WBC, wani lokaci har da Widal, an ja wa wasu layi da jan biro alamar sun wuce ƙima. Da yawanmu a nan muke yanke hukunci, mu ce gwaji ya nuna ciwon, mu zarce kemis. Maganar da wannan darasi yake so ya kafa ita ce, akasarin waɗannan gwaje-gwaje ba sa faɗin sunan cuta. Wasunsu shaida suke bayarwa cewa jiki yana cikin faɗa, wasunsu kuma cewa jiki ya taɓa gamuwa da wata ƙwayar cuta a wani lokaci. Wane ne abokin faɗan, kuma yana nan ko ya daɗe da tafiya, tambaya ce da wani gwajin daban ke amsawa. Wanda bai rarrabe ba zai yi ta shan maganin ciwon da ba shi da shi, ainihin ciwon kuwa yana can yana cinsa.

A bakin Bahaushe kumburi abu ne da ido ke gani: maruru ya tashi, wuri ya cika, ya yi zafi. Likitoci sun faɗaɗa kalmar ta haɗa da duk yunƙurin da jiki ke yi idan wani abu ya taɓa shi, ko a fili ko a can ciki. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jinin da suka fara cin karo da ita sukan saki wasu sinadarai na aike, jini ya ɗauke su ya kai ko'ina. Saƙon ya isa ƙwaƙwalwa, jiki ya ɗau zafi. Ya isa ɓargo, a ƙaro mayaƙa. Ya isa hanta, ita kuma ta sauya irin furotin ɗin da take zubawa cikin jini, ta ƙara wasu ta rage wasu. A ciwon kwana uku ko mako guda, wannan hayaniya takan tashi ta lafa. Amma akwai cututtukan da ke zaunewa, irin su tarin fuka, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, ruɓar ƙashi da tsargiya. A cikinsu kumburin yakan zama wutar ƙaiƙayi, babu harshe, tana dai ci ta ƙarƙashi wata da watanni. Sauyin da wannan wuta ke kawowa cikin jini shi gwaje-gwajen kumburi ke aunawa. Tamkar kururuwa ce da tsakar dare a unguwa: duk wanda ya ji ta ya san ba lafiya ba, amma daga kan shimfiɗarsa ba zai iya cewa gobara ce, ko ɓarawo, ko rasuwa aka yi ba.

Mafi tsufa kuma mafi arha a cikinsu shi ne ESR, wato awon saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini. Wani likita ɗan ƙasar Folan, Edmund Biernacki, ya bayyana shi a 1897, sannan a 1921 Alf Westergren na ƙasar Suwidin ya tsara hanyar da ake bi har yau. Ana haɗa jini da sinadarin da ke hana shi daskarewa, a zuba a siririn bututu mai ma'aunin milimita 200, a tsayar da shi cak har awa ɗaya. Jajayen ƙwayoyin su riƙa nutsewa, ruwan jinin ya tsaya a sama, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin ƙwarya. Tsawon ruwan da ya tsaya a sama shi ne lambar da ake rubutawa. Idan akwai kumburi, hanta tana ƙara wani furotin mai suna fibrinojin, wanda ke sa ƙwayoyin su manne da juna su jeru kamar an jera kwabbai, su yi nauyi, su yi saurin nutsewa.

Duk wanda ya gane yadda gwajin ke aiki zai hango rauninsa da kansa, domin duk abin da ya taɓa yawan ƙwayoyin ko siffarsu ko kaurin ruwan jinin zai taɓa lambar. Ƙarancin jini yana ɗaga ta ko babu cutar komai. Juna biyu yana ɗaga ta. Tsufa ma haka, har likitoci suna da wani lissafi na kai tsaye: namiji ya raba shekarunsa biyu, mace ta ƙara 10 a kan shekarunta sannan ta raba biyu, abin da ya fito shi ne iyakar da ba ta tayar da hankali. Ke nan tsohuwa mai shekara 60 da aka samu ESR ɗinta 33 ba ta fita daga ƙa'ida ba, ko da an ja mata layi da jan biro. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, kuma ƙwayoyin jinin mai sikila, saboda lanƙwasarsu, ba sa jeruwa su manne kamar na sauran mutane. Don haka ESR ɗinsa kan iya fitowa ƙasa ƙwarai alhali ƙashinsa yana ruɓewa, ga shi kuwa masu sikila suna cikin waɗanda ruɓar ƙashi ta fi kamawa. Gwajin kuma yana da nawa: yakan ɗauki kwanaki kafin ya hau, ya ɗauki makonni kafin ya sauko bayan an warke.

CRP ya fi shi kaifi. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930 a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, a jinin masu ciwon namoniya. Furotin ne da hanta ke yi idan saƙon kumburi ya iso ta. A jikin mai lafiya yawanci bai kai miligiram 5 a litar jini ba. Idan cuta ta shiga yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, kuma a cuta mai tsanani yana iya wuce 100, ko ma 300. Da an kashe wutar, rabinsa kan ɓace daga jini cikin kimanin awa 19. Ƙarancin jini da sikila ba sa ruɗa shi yadda suke ruɗa ESR. Duk da haka shi ma kururuwa ce. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, amosanin gaɓɓai yana ɗaga shi, haka ƙuna da tiyata da sankara, kuma ƙiba da shan taba suna ɗan ɗaga shi kullum. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma abubuwan da ke tsamar da ruwa suna da yawa.

Mai karatu yana iya cewa, to in haka ne me zai sa talaka ya ɓata kuɗinsa a kan gwajin da ba ya faɗin sunan ciwo? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma a wurare da dama amsarta ita ce bai kamata ya ɓata ba. Amma amfanin waɗannan gwaje-gwaje yana fitowa ne bayan an san ciwon, ko kuma lokacin da ake neman wanda za a zurfafa bincike a kansa. Yaron da ake yi wa maganin ruɓar ƙashi na makonni, likita ba zai iya buɗe ƙafar kowane mako ya duba ba. Idan CRP ɗinsa ya fara daga 120, ya sauko 40, ya sauko 8, magani yana ci. Idan ya tsaya cak ko ya sake hawa, ko dai maganin bai dace da ƙwayar ba, ko akwai mugunya da ta taru wadda sai an fasa. Lamba guda ba ta da wannan labarin, jerin lambobi ne ke da shi, shi ya sa jefar da tsohuwar takardar gwaji asara ce. Akwai kuma wani amfanin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da CRP wajen tace masu ɗauke da ƙanjamau: wanda nasa ya haura 5, a tura shi gwajin tarin fuka na haƙiƙa. A lura da aikin da aka ba shi: ya nuna wanda za a gwada, hukuncin kuwa na gwajin kaki ne.

Ƙidayar fararen ƙwayoyin jini, wadda ake rubutawa WBC, ita ma tana buƙatar a karanta ta da lura. Ƙimar da aka saba bugawa a takarda ita ce 4,000 zuwa 11,000, amma an fi samo ta daga jinin Turawa. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an halicce su da ƙarancin wani rukuni na fararen ƙwayoyi da ake kira nutrofil a cikin jinin da ke gudana, kuma hakan ba ya rage musu ƙarfin yaƙi da cuta. Don haka Bakano lafiyayye yana iya ganin tasa lambar ta ɗan gaza ba tare da komai na damunsa ba. Taifot kuwa, saɓanin abin da ake zato, sau da yawa ba ya ɗaga ƙidayar, yana ma iya rage ta. Wanda ya fi ba da haske a ƙasarmu shi ne rukunin iyosinofil, domin yawansa yakan sa likita ya tuna da tsutsar ciki da tsargiya, musamman ga masunta da manoman rani da yaran da ke wanka a kududdufi. Ko a nan ɗin ma sai an duba fitsari da bayan gida an ga ƙwan tsutsar.

Ciwo mai daɗewa yana kawo ƙarancin jini ta wata hanya mai ban mamaki. Ƙwayoyin cuta suna buƙatar sinadarin ƙarfe don su hayayyafa, sai jiki ya kulle nasa a rumbu, ya kuma rage shigowar sabo daga hanji. Ya hana abokin gaba, ya hana kansa. Gwajin feritin, wanda ke auna ajiyar ƙarfe, yakan hau idan akwai kumburi, sai ya ɓoye ƙarancin da ke akwai. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga baligi mai lafiya ƙasa da 15 ne ƙaranci, amma ga mai kumburi ko wata cuta a jiki har ƙasa da 70 ƙaranci ne. Irin wannan mara lafiya zai iya shanye kwalaben maganin ƙarin jini ba tare da jininsa ya taso ba, muddin ba a kashe cutar da ta sa aka kulle rumbun ba.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne rukuni na biyu, gwaje-gwajen da ke neman makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa musamman domin wata ƙwayar cuta. Waɗannan kamar sawun kura ne a busasshen taɓo. Sawun gaskiya ne, kura ta wuce ta nan, amma ba ya nuna jiya ta wuce ko bara, kuma wani lokaci sawun wata dabba ce mai kama da ita. Gwajin Widal, wanda likitan Faransa Georges-Fernand Widal ya fito da shi a 1896, irin wannan ne. A garin da ruwan sha ke gauraya da ƙazanta, mutane da yawa sun taɓa haɗiyar ƙwayar taifot ko 'yan uwanta tun suna yara, kuma sawun yana nan a jininsu. Zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtukan suna iya sa gwajin ya nuna akwai, alhali kama da wane ba ta wane. Ƙa'idarsa ta asali ita ce a ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. Wa ke yin haka? Abin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ƙwayar ta tsiro. Taifot kuma ciwon makonni ne. Wanda ake ce masa yana da "maleriya da taifot" kowane wata tsawon shekara guda, lallai akwai abin da ke damunsa, amma da wuya ya zama abin da aka rubuta masa.

Tarin fuka ya ba duniya darasi a kan wannan. Shekaru da dama ana sayar da gwaje-gwajen jini masu neman sawun tarin fuka, musamman a asibitocin kuɗi. Da aka tattara bincike sai aka ga suna cewa akwai inda babu, suna cewa babu inda akwai. A Yulin 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce a daina amfani da su, Indiya kuma ta haramta su a 2012. Ko gwajin fata na Mantoux da danginsa na jini da aka amince da su, iyakarsu su nuna ƙwayar ta taɓa shiga jiki, kuma an kiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya suna cikin wannan hali, mafi yawansu ba za su taɓa kwanciya ciwon ba. Mai tarin da ya daɗe kakinsa ake gwadawa. Na'urar GeneXpert, wadda aka amince da ita a ƙarshen 2010, tana neman ƙwayar kanta a cikin kaki, ta ba da amsa cikin kimanin awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar tana bijire wa maganin rifamfisin.

Haka abin yake a ciwon hanta. Kimanin mutum 3 cikin 10 da nau'in C ya kama, jikinsu yana kore shi da kansa, amma sawun yana zama a jini, don haka sai an yi gwajin da ke neman ƙwayar kanta kafin a fara magani. A nau'in B akwai gwajin da ke nuna wani ɓangare na jikin ƙwayar, HBsAg, wanda idan ya wuce wata shida yana fitowa ciwon ya zauna, akwai kuma wanda ke nuna kariyar da mutum ya samu daga rigakafi ko daga warkewa. Sunayensu sun yi kama a takarda, kuma rikita su yana iya rusa maganar aure a banza. Gwajin jini na ƙwayar gyambon ciki ma yana ci gaba da nuna akwai tsawon lokaci bayan an kashe ta, shi ya sa gwajin bayan gida ko na numfashi ya fi shi.

Bayan waccan tambaya ta ɓata kuɗi, ga hujja ta biyu da ake kawowa, kuma ta fi ta farko nauyi. A ce, shuka jini da ƙidayar ƙwayar cuta suna da tsada, ba a samunsu sai a manyan asibitoci, ɗan ƙauye kuwa Widal ɗin nan shi ne iyakar abin da hannunsa ke kaiwa, da babu gara ba daɗi. Talaucin da rashin kayan aikin gaskiya ne, babu mai musu. Amma karin maganar tana aiki ne inda ba daɗin ba ya cutarwa. Gwajin ƙarya yana rufe ƙofar bincike, domin da an samu suna an daina nema. Mai tarin fuka da aka ce masa taifot ne zai kwashe watanni yana shan maganin da bai dace ba, yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa yana tari, kuma jimillar abin da zai kashe ta fi kuɗin motar zuwa babban asibiti. Wasu magungunan taifot ɗin, dangin sifro, suna ɗan danne tarin fuka na ɗan lokaci, ya ji sauƙi, ganewar ta ƙara jinkiri. Ga kuma ɓarnar da ta wuce mutum guda: yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba yana koya musu bijirewa. A 2016 wani nau'in taifot ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan wanda ya ƙi jin kusan duk magungunan da aka saba ba shi, har da sifro da allurar seftiriyazon. Ma'aikacin lafiyar da ya saurari mara lafiya da kyau, ya duba shi, ya gwada maleriya, sannan ya ce masa ciwonsa ya fi ƙarfin wannan wuri, ya fi yi masa alheri a kan wanda ya ba shi takarda mai suna.

Inda aka fi iya ajiye kowane gwaji a muhallinsa shi ne kula da masu ƙanjamau, kuma ya dace a yi koyi. CD4 ƙidaya ce ta fararen ƙwayoyin da ke jagorantar garkuwar jiki, waɗanda cutar ke kashewa. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1,500. Idan ta gaza 200, cutar ta yi nisa, sai a nemi tarin fuka da wata ƙwayar naman gwari mai kawo sanƙarau, tun kafin su bayyana. Da can da wannan lamba ake yanke lokacin fara magani, amma tun 2015 ƙa'ida ta koma a fara wa kowa da zarar an tabbatar yana ɗauke da cutar. Sanin ko maganin yana aiki kuwa, tun 2013 an fifita ƙidayar ƙwayar cutar kanta a cikin jini, kuma idan ta ci gaba da haura 1,000 ga mai shan magani, ko dai yana tsallake sha ko ƙwayar ta bijire. Ɗaya yana ƙirga mayaƙan gida, ɗaya yana ƙirga abokan gaba, kuma ba a tambayar ɗaya abin da ɗayan ya sani.

Kada kuma a ɗauka takarda mai kyau shaidar lafiya ce. Ciwon hanta nau'in B ko C yana iya shekaru yana cin hanta CRP bai motsa ba, kuma hantar da ta lalace sosai ba ta ma iya yin furotin ɗin yadda ya kamata. Magunguna irin su deksametazon, da wasu ke saya a kemis don neman ƙiba ko maganin ciwon jiki, suna danne kumburi da alamominsa tare, su bar cutar tana yaɗuwa shiru. Mai shan irinsu wajibi ne ya faɗa wa likita kafin a ɗebi jininsa.

Wani zai ce duk wannan aikin likita ne, ina ruwan mara lafiya? Ruwansa shi ne, a garuruwanmu sau da yawa shi ke kai kansa ɗakin gwaji ba tare da takardar likita ba, shi ke biya, shi ke kai sakamakon kemis. Don haka, ɗalibi, idan aka miƙa maka ko aka miƙa miki takarda, a tambayi mai bayanin cikin ladabi: wannan gwajin ƙwayar cutar ya gani, ko sawunta, ko kururuwar jiki kawai ya ji? A adana kowace takarda da kwanan watanta a wuri guda, a riƙa zuwa da su asibiti. Wanda kuma ya wuce mako biyu yana tari, ko yana ramewa da gumin dare, ya nemi a gwada kakinsa ko me takardar jininsa ta ce. A cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Najeriya gwajin kaki da maganin wata shida kyauta ne.